Kawu Sai-ka-zo da Takardu Uku na Ƙarshe

A danginmu, idan aka ji Kawu ya ba ka kyautar littafi, sai an gama yi maka dariya tukuna a taya ka murna. Kawu yayan mahaifiyata ne, tela ne, ya fi shekara arba'in yana taka keke a wani siririn shago da ke matse tsakanin mai gyaran takalmi da mai ɗaukar hoto. Ni kuwa a kyamis ɗin tsallaken titi nake aiki, daidai saitin ƙofarsa. Don haka duk abin da zan faɗa, ko dai da idona na gani, ko kuma matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta fesa mini. Inna ba ta rage labari, sai dai ta ƙara masa gishiri.

Kawu ba ya kyautar yadi, duk da yadi ne ya kewaye shi har rufi. Ba ya ba da turare, ba ya ba da agogo. An yi haihuwa, littafi. An ɗaura aure, littafi. Ka ci jarrabawa, littafi, ka faɗi kuwa, littafi mai kauri. Zai naɗe shi a ragowar ƙyalle mai kyau, ya ɗaure da zare, ya miƙo maka da hannu biyu. Kana cikin godiya zai ce, “Ba komai. Sai ka zo.” Ka je gida ka duƙufa, labari ya yi daɗi, ya kai inda ko kiran abinci ba ka ji, ka juya shafi, sai ka ci karo da bango. Takardu uku na ƙarshe babu su. Kawu ya sa reza ya zare su tsaf, yankan tela, ko ɗan gefe bai bari ba.

Takardun suna cikin ambulan mai sunanka, a durowar ƙasa ta teburin yanka. Ba a aike, ba a waya. Da ƙafarka za ka zo, ka zauna a benci, ya zuba maka shayi, ka ba shi labarin tun daga farko har inda ka tsaya. Sannan ya zura allura, ya ɗinke takardun a mazauninsu, ya miƙo maka ka karanta a gabansa yana kallon fuskarka. Daga nan ya samo sunan Kawu Sai-ka-zo, har masu kawo ɗinki haka suke kiran sa.

Shi yana cewa hikima ce. Inna ta ce ɓera ne. Lokacin yana saurayi, sabon buɗe shago, ya ga ƙanwar wani mai kawo masa ɗinki, ya rasa ta inda zai fara, domin a lokacin ko gaisuwa ya yi wa mace sai ya yi tuntuɓe da harshensa. Ya ji an ce tana son karatu. Ya je wurin mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin tasha, ya zaɓi wanda bangonsa ya fi kyau, ya ba yayanta ya kai mata. Ko buɗewa bai yi ba, balle ya ga ɓera ya riga shi cin ƙarshen. Bayan kwana huɗu sai ga ta a ƙofar shago, ita da ƙawarta, ta riƙo littafin da yatsu biyu.

“Kai ne ka aiko da wannan?”

“Ni ne.”

“To ina sauran?”

Kawu ya ce ai sauran yana kansa. Nan take ya ƙirƙiro ƙarshe, ya aurar da jarumin, ya ba shi 'ya'ya shida. Ta bari sai da ya dire, sannan ta ce mutumin da ya aurar ɗin tun a babi na biyar ya mutu. Ya ce ta dawo gobe, zai tuno daidai. Ta dawo. Inna ta ce ƙarshe tara ya ba ta, duk na banza, kuma kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure.

Tun daga nan ya kafa dokarsa. “Ka ɗinka wa mutum riga,” in ji shi, “ya gode, ya tafi, ba ka ƙara ganin sa sai ta yage. Ka ba shi littafi cikakke, ya ɗora a kan kabad, ya ce maka ya karanta. Ni kuwa nawa, ƙafarsa ce za ta gaya mini.” Littafin addini ba ya taɓawa, na makaranta ma haka. Amma ban da su, rezarsa ba ta san girma ba.

Ummata tana da ɗabi'ar fara littafi daga ƙarshe. Ranar da ya ba ta nata, ko minti ashirin ba a yi ba ta dawo a fusace. Ya ce ta zauna ta ba da labari. Ta fara kame-kame, ya kore ta ta je ta karanta, yana dariya har da buga keke. Yayana kuwa ƙamus aka ba shi da ya shiga jami'a, wai a wurin Kawu ƙamus ba na makaranta ba ne. Shekara tara ambulan ɗinsa na durowa. Sai da ya tashi neman wata kalma can a ƙarshen haruffa ya gane abin da aka yi masa, ya zo yana borin kunya, Kawu ya sa aka kira mai hoto ya ɗauke su tare. Akwai wani ango da amaryarsa da suka zo kwana biyar da biki, kowa ya sha mur, sun yi musu a kan yadda labarin zai ƙare. Ashe dukansu ba su canka ba, suka fita suna tuntsira dariya.

Ambulan kan zo ya tafi. Guda ɗaya ne ya ƙi tafiya, kuma shi ne abin da ke cin Kawu a rai: na Malam Jan-biro.

Malam malamin lissafi ne, abokin Kawu tun suna samari. Kullum aka tashi daga makaranta, shago yake yo wa tsinke, ya zauna su yi ta musu a kan komai, daga ƙwallo har yawan maɓallin da ya kamata a sa wa riga. Shi ne ya taɓa ciro jan biro ya gyara rubutun allon shagon a gaban mutane, sunan kuma ya bi shi. Duk tsawon shekarun nan Kawu bai taɓa ba shi littafi ba. Me zai sa? Wanda ke zuwa kullum ba ya bukatar a jawo shi.

Sai aka yi wa Malam hedimasta. Aiki ya yi yawa, taro ya yi yawa. Kullum ta koma mako-mako, mako-mako ya koma ɗaga hannu daga kan babur. Sai Kawu ya ƙulla nasa shirin. Ya tafi bakin tasha, ya dawo da wani littafin bincike, labarin akwatin da ya ɓace a jirgin ƙasa da fasinjoji bakwai da ake zargi. Ya naɗe, ya kai gidan Malam a matsayin taya murna.

Malam ya san halin abokinsa sarai, amma bai taɓa kawo wa ransa za a yi masa ba. Ya karanta har inda mai binciken ya tara fasinjojin a tarago ɗaya, ya ɗaga yatsa zai nuna ɓarawon. Bango. Mai gyaran takalmi ya ce tun daga kwanar titi ake jiyo hucinsa.

“Tela! Ni za ka yi wa haka?”

“Sannu da zuwa, Hedimasta.”

“Wato cewa kake na yi girman kai ko? Ni kaza ce da za ka ja ni da tsaba? Ba ni takarduna!”

“Sai ka zo.”

“Ga ni na zo!”

“Kana waje. Shigo ka zauna.”

Taku ɗaya ne tsakaninsu. Malam ya dubi dokin ƙofar, wani tsohon katako da ƙafafu suka goge, ya dubi Kawu. Abin da ya fi ƙona shi, ya san Kawu ya yi gaskiya. Ya ce, “Ƙafata ba za ta tsallake wannan katakon ba. Ka kawo mini su gida da hannunka.” Kawu ya ce hannunsa ba ya kai wa kowa. Malam ya tayar da babur ya tafi.

Shekara goma sha bakwai! Ba wai sun daina magana ba ne, a'a, da ma hakan ne da sauƙi. Suna gaisawa a hanya, suna zuwa wa juna gaisuwar rasuwa da barka, kowa da fuskarsa ta manya. Shagon ne kawai Malam ba ya shiga. Ya kwashe ɗinkinsa ya kai wa wani tela a bayan kasuwa wanda ke yi masa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kawu in ya hango shi zai wuce sai ya rufe ido, ya ce mini, “Dubi wuyan rigar nan, don Allah. Da gangan yake sawa, don ya kashe ni.” Malam ya nemi wani kwafin littafin har ya gaji. Bai sani ba, sauran biyun da mai littattafan yake da su tun a ranar Kawu ya kwashe, suna ƙarƙashin katifar Inna.

Ni ce na zama gidan waya. Duk wata Malam zai zo sayen maganin hawan jini, ya jingina da kanta, ya rage murya.

“'Yata, ki gaya wa kawunki na gano. Mai sayar da tikiti ne. Na lissafa lokacin tsayuwar jirgin, babu yadda za a yi ya zama wani.”

In tsallaka titi in faɗa. Kawu ko ɗagowa ba ya yi daga keke. “Ki ce masa sai ya zo.”

A shekarun nan Malam ya kama fasinjojin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya sake su. Ya kama direban jirgin. Ya kama mai akwatin kansa. Akwai shekarar da ya ce babu ma akwatin tun farko. Mu dai muna ta dariya, titi duka ya san zancen, har mai hoto yana da nasa ɗan takarar. Amma ni ina ganin abin da ba kowa ke gani ba. Da la'asar, lokacin tashi daga makaranta, keken Kawu kan yi shiru na ɗan lokaci, ya zuba wa titi ido. Kewar abokinsa yake yi, kewa mai tsanani, kuma ya gwammace ya haɗiye allura da ya faɗa.

Bara matar Malam ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka fara ba shi matsala. Wata Talata 'yarsa, wadda take aikin nas a wani gari mai tafiyar yini guda, ta shigo kyamis ta ce in haɗa masa maganin wata uku. Ranar Asabar za ta tafi da shi, za a rufe gidan. Na tsallaka na gaya wa Kawu. Ya ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ya ci gaba da ɗinki. Da yamma aka gano ya ɗinke bakin aljihu biyu da ƙafar wando ɗaya.

Inna ta sa shi gaba a gabana. “Maigida, tsufa ya zo maka da rigima. Takarda uku! Ɗauki ka kai masa. In mutumin nan ya tafi kuna haka, wa ya san ko za ku sake haɗuwa?”

Ranar Laraba na ga ya sa ambulan a aljihu, ya gyara hula, ya fita. Ya kai kwanar titi, ya tsaya, ya yi kamar yana nazarin sararin sama, ya dawo da burodi. Ranar Alhamis na gwada Malam. Ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya, ɗalibansa dubu sun shaida. Na dawo na zauna a bayan kanta, takaici kamar in yi kuka. Tsofaffi biyu, kowa gemu fari fat, sun tsaya a kan katako.

Ranar Juma'a da safe sai na ji bugun guduma. Na leƙo, ga kafinta durƙushe a ƙofar Kawu yana ɓamɓare dokin ƙofar. Kawu na tsaye a kansa yana ɗaga murya yadda titi zai ji: “Gara! Gara ta cinye shi tas!” Katakon nan da aka ɗago lafiyarsa lau, ko ƙusa da ƙyar ta fita. Kafinta ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya taka masa ƙafa. Aka share wurin, aka shafe da siminti, ya zama daidai da ƙasa. Sannan Kawu ya dube ni ta tsallaken titi, ya ɗaga gira.

Ban jira an ce mini komai ba. Na ɗauki ledar maganin na kai gidan Malam da kaina. Na tarar da shi a tsakiyar kwalaye, yana ba 'yarsa umarnin da ba ta bi.

“Malam, ka ji abin da ya samu Kawu? Gara ta cinye masa dokin ƙofa. An cire shi gaba ɗaya.”

“Ina ruwana?” in ji shi. Sai kuma ya juyo. “Gaba ɗaya?”

“Ko alamarsa babu.”

“Hmm. Da ma katakon banza ne.”

Asabar da hantsi mota ta shigo titinmu, katifa ɗaure a sama. Ta wuce kyamis, ta wuce mai takalmi, na ce shi ke nan. Sai ta ci burki. Malam ya fito da sandarsa, littafi a hammata. Ya tsaya a ƙofar shagon ya daɗe yana duba ƙasa, har da ƙwanƙwasa simintin da sanda, kamar mai duba takardar jarrabawa. Mai takalmi ya ajiye guduma. Ni na bar wata mata tsaye da takardar likita a hannu na ruga. Inna kuwa, ban san wa ya gaya mata ba, tana nan tun safe wai ta kawo wa Kawu ruwa.

Malam ya shiga. Kawu na ta taka keke da ƙarfi, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

“Tela.”

“Malam.”

“Rana ce ta yi zafi a waje.”

“Ai kuwa. Zauna.”

Aka zuba shayi. Malam ya gyara murya ya fara ba da labarin, ba tare da ya buɗe littafin ba, har da lambar shafi. Ya haddace shi tas. Kafin ya kai babi na uku sun kaure da musu a kan ko matar mai jar jaka ta sauka a tasha ta biyu. Kawu na dukan tebur, Malam na nuna shi da sanda, kowa baki har kunne. Kawu ya kama hannun rigar Malam ya auna da ɗayan, ya ce wannan cin mutunci ne. Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Direba ya danna hon sau biyu, babu wanda ya kula.

Da labari ya kai tarago, Kawu ya sunkuya ya jawo durowa. Ambulan ɗin ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Ya zaro takardun a kife, domin doka ita ce sai an ɗinke ake karantawa. Kawu ya ɗauki allura, ya juya ga bangon da yake rataye zare, ya tsaya. Na ga bayansa ya yi wani iri. Minti biyar ɗinkin zai ɗauka, minti biyar karatun, daga nan mota ta tafi, babu sauran abin da ya rage wa Malam a titin nan.

“Babu zare,” in ji Kawu.

Jama'a, bangon nan zare ne tun daga sama har ƙasa, ya fi ɗari uku, fari kaɗai layi biyu. Na buɗe baki zan ce ga shi nan a gabanka, Inna ta mintsine ni a damtse har sai da na ga taurari.

Malam ya dubi bangon. Ya dubi Kawu, ya daɗe. Ya miƙe da ƙyar, ya ciro farin zare guda, ya kara shi a gefen littafin, ya matso da tabarau.

“Wannan ya yi fari da yawa,” in ji shi. “Takardar ta tsufa.”

“Abin da na gani ke nan. Wannan fa?”

“Ya yi duhu. Kai tela ne kuwa?”

“Wannan?”

“Kauri. Zai yaga mini littafi.”

Haka suka bi layi biyun nan, suna cirowa suna mayarwa, suna ƙunshe dariya kamar yaran da suka ɓoye wa malami alli. Idon Kawu ya cika da ƙwalla, na Malam ma haka, kowa ya ce ƙurar yadi ce. 'Yar Malam ta leƙo ta ce, “Baba, rana tana yi fa.”

“Tela, yaushe za a kawo sabon zare?”

“Sai ƙarshen wata mai zuwa. In an dace.”

“Kin ji ko? Dole in dawo. Ba zan bar kayana a hannun wannan mutumin ba.”

Ta dubi bangon zaren, ta dubi ubanta. Yarinyar kirki. Ta ce ai da ma a lokacin take da hutu.

Wata goma sha ɗaya ke nan, Malam ya zo sau huɗu, kowane zuwa ya kwana uku a gidan Kawu, kuma har yau ba a dace da zare ba. Zuwansa na ƙarshe ne aka so a samu matsala. Mijin 'yarsa, mutum mai son a gama abu, ya gaji da jin zancen. Ya ɗauki littafin a ɓoye ya zaga shagunan garinsu har ya samo zare daidai launin takardar, ya kawo da kansa, ya ajiye a kan teburin yanka yana jiran yabo. Aka kara. Babu abin cewa, kamar tare aka yi su. Na ga fuskar Kawu ta faɗi, tsoro ƙarara, irin wanda ban taɓa gani a tare da shi ba.

Malam ya karɓi zaren, ya ɗaga shi sama wai zai duba a haske. Ya matsar da hannunsa a hankali har saitin kofin shayinsa, ya buɗe yatsu. Tsulum.

“Kash,” in ji Malam. “Tsufa.”

Kawu ya juya mana baya, kafaɗunsa na girgiza, ya daɗe a haka. Da ya juyo ya share fuska da ragowar ƙyalle, ya ce bari ya ɗora wani shayin.